Yadda Za Ka Naɗi Labarin Tsohon Matuƙin Jirgin Yaƙi na Gidanku, Ka Mayar da Shi Littafi

Saurayin da yake da shekara 22 lokacin da yaƙin basasar Najeriya ya ɓarke, ranar 6 ga Yulin 1967, yau ya kai tamanin ko ya haura. Waɗanda suka tuƙa jiragen Alpha Jet a Laberiya da Saliyo ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, daga 1990 zuwa gaba, su ma furfura ta rufe musu kai. Kuma tun asali ba su da yawa, domin sai a 1964 aka kafa rundunar sojan sama ta Najeriya da taimakon Jamusawa, shekara uku kacal kafin yaƙi. Idan Allah ya sa akwai ɗaya daga cikinsu a gidanku, abin da za ka fara kamawa shi ne muryarsa. Rubutu da gyara da maɗaba'a duk za su iya jiran shekara biyu, amma lafiyar dattijo ba a hannunka take ba.

Wa zai zauna da shi

A nan gidaje da yawa suke fara yin kuskure. Ana ɗora aikin kan babban ɗa, saboda shi ne babba. To amma tsakanin uba da ɗan fari akwai kunya, kuma ɗan da ya tashi ba ya haɗa ido da mahaifinsa ba zai iya tambayarsa ko ya taɓa jin tsoro a sama ba. Jika ya fi dacewa, mace ko namiji, saboda wasan jika da kaka yana buɗe ƙofar da ladabin ɗa yake rufewa. Idan babu jikan da ya isa, a nemi ɗan ƙane ko ɗan ƙanwa. Mutum biyu sun isa a ɗakin: mai tambaya, da mai kula da na'ura wanda zai yi shiru. Da zarar an zama taro, tsoho zai koma ba da labaran da ya saba bayarwa a majalisa, waɗanda ya maimaita har suka goge.

Kafin komai a nemi izininsa a fili. A faɗa masa za a naɗa, za a rubuta, za a kawo masa ya ji kafin wani ya gani, kuma yana da ikon cewa a cire wani abu ko a jinkirta fitar da shi har bayan ransa. Ka naɗi wannan amincewar da muryarsa a zaman farko, sannan ya sa hannu a takarda mai shafi ɗaya. Ranar da 'yan'uwa za su tashi da gardama kan littafin, wannan takardar ce za ta raba.

Akwatin takardu

Ka roƙi a fito da duk abin da ya ajiye: hotuna, takardun shaidar horo, wasiƙu, lambobin yabo, fasfo ɗin da ya yi tafiya da shi, takardar sallama daga aiki. Sarkinsu duka shi ne littafin tashi, wanda matuƙa suke kira logbuk. A ciki kowane tashi yana da layinsa: kwanan wata, irin jirgin, lambarsa, wanda aka tashi tare da shi, aikin da aka je yi, da tsawon lokacin da aka yi a sama. Idan littafin nan yana nan, ka sami ƙashin bayan aikinka.

Kada ka kai shi a manne masa leda mai zafi irin ta katin shaida. Zafin yana lalata tawada, kuma ba a iya cire ledar daga baya. Kada ka sa salatif a shafin da ya yage. Ka ɗauki hoton kowane shafi a sikana, maki 400 a inci ga takardu, 600 ga hotuna, ka ajiye su a tsarin TIFF. Idan ɗaurin littafin ya yi rauni, kada ka danne shi a kan gilashin sikana. Buɗe shi a kan tebur kusa da taga, ka ɗauka da waya daga sama, ba tare da filasha ba. Hotuna kuwa a ɗauki bayansu ma, domin sau da yawa sunaye da shekara suna rubuce a can.

Sai ka yi ɗan karatu, don kada ka je masa da kai fanko. Ka san cewa rukunin farko na matuƙan an tura su horo ƙasashe irin su Habasha da Kanada da Indiya da Jamus ta Yamma, kuma Kaduna ce cibiyar horo a gida. Ka san jiragen farko, Piaggio da Dornier 27 na koyo da ƙananan ayyuka. Ka san cewa jiragen MiG-17 na Tarayyar Sobiyet sun iso Kano a watan Agustan 1967, an kuma yi amfani da L-29 na Cekoslobakiya da Ilyushin 28 mai jefa bama-bamai, da DC-3 na jigila. Akwai wani abin da ya kamata ka sani tun da wuri: a farkon yaƙin, Misirawa da wasu 'yan ƙasashen waje ne suka tuƙa yawancin jiragen MiG da Ilyushin. Don haka idan a gida an saba cewa “Baba MiG ya tuƙa”, bar shi ya faɗa da bakinsa. Wataƙila jirgin jigila ya tuƙa yana kai harsashi yana kwaso masu rauni, kuma labarin wannan bai gaza na kowa ba.

Kayan naɗa da wurin zama

Ƙaramar rikoda irin Zoom H1n ko Tascam DR-05X ta wadatar. Saita ta a tsarin WAV, 48 kHz, 24 bit. Awa ɗaya tana cin kusan gigabait ɗaya, don haka memori mai 32 zai ɗauki kimanin awa 30. Idan waya za ka yi amfani da ita, sayi ɗan makirufo na maƙalawa a riga, ka kunna alamar jirgin sama don kada kira ya katse naɗin. Maƙala makirufon kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓarsa, a inda babbar riga ko carbi ba za su riƙa gogarsa ba. Ma'aunin sauti ya riƙa kaiwa wajen -12 idan ya ɗaga murya. In ya taɓa 0 muryar ta fashe, kuma da wuya manhaja ta mayar da ita yadda take. Mai kula da na'ura ya sa abin saurare a kunne daga farko har ƙarshe. Kullum a kunna na'ura ta biyu a gefe, ko da tsohuwar waya ce, a kuma zo da sabon batir.

Zaure bai dace ba, masu gaisuwa ba za su bar ku ba. Nemi ɗaki na ciki mai darduma da labule, domin ɗakin tayil da bango tsirara yana amsa-kuwwa. Kashe fanka da firji da talabijin. Ƙarar janareta tana shiga naɗi fiye da yadda kunne yake ji, don haka a zaɓi lokacin da ba a kunna shi ba, naku ko na maƙwabta. Hantsi ya fi, daga tara zuwa sha ɗaya, bayan ya karya kumallo ya sha magani. Kada zama ya wuce minti 60 zuwa 90, sau ɗaya ko biyu a mako. Zama takwas zuwa goma sha biyu yakan isa ga rayuwa guda. A guji watan azumi.

Tsofaffin matuƙa da yawa jinsu ya ragu saboda ƙarar inji na shekara da shekaru. Tambayi kunnen da ya fi ji da shi, ka zauna ta wannan ɓangaren, yana ganin bakinka. Sannan matuƙi da hannu yake magana: tafin dama jirginsa ne, na hagu na abokinsa, sai ka ji ya ce “sai na yi haka, shi kuma ya biyo ta nan”. A naɗin murya wannan ba ya nufin komai. Ko dai ka kafa waya a kan maƙali ta ɗauki bidiyo, ko kuma ka riƙa cewa, “Kaka, dama kuka karkata ko hagu? Shi yana samanku ne ko ƙasa?”

A farkon kowane naɗi faɗi kwanan wata, gari, sunan mai magana da na mai tambaya, da lambar zama.

Yadda ake tambaya

Kada ka fara da yaƙi. Zama biyu na farko na ƙuruciya ne: garinsu, makarantar allo da ta boko, ranar da ya fara ganin jirgi, yadda aka ɗauke shi, abin da mahaifinsa ya ce. Daga nan horo, daga nan yaƙi, sannan rayuwa bayan ritaya. Kafin ku iso wurin mai nauyi ya riga ya saba da na'urar, ya manta da ita.

Tambaya mai faɗi tana jawo amsa mai faɗi. In ka ce “yaya yaƙin ya kasance?” zai ce maka an sha wahala, Allah ya kyauta, shi ke nan. Ka riƙa tambayar rana guda, wuri guda, abu guda:

“Baba, ranar da kuka fara tashi ku kaɗai ba malami, wa ya raka ku bakin jirgi?”

“Da kuka sauka a ƙasar Turawa cikin sanyi, me kuka fara ci?”

“In an rufe murfin jirgin, wane wari ake ji a ciki?”

“Daren da za a tashi da asuba, a ina kuke kwana, wa yake tashe ku?”

“Makanikin da yake duba jirginku, ya sunansa, mutumin ina ne?”

Tambaya ta ƙarshen nan tana da amfani ƙwarai. Matuƙi ya san ransa a hannun makanike yake, kuma da zarar ya fara maganarsa sai sunaye da labaran da ba a taɓa ji ba su fito. Haka kuma ka buɗe logbuk a gabansa, ka ɗora yatsa a layi ɗaya ka ce, “Wannan tashi daga Makurɗi, minti arba'in, me ya faru?” Hoto ma haka: a bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, daga hagu zuwa dama, ana faɗa da baki don naɗin ya kama.

Idan ya yi shiru, kai ma yi shiru. Ƙirga zuwa goma a zuci. Mafi yawan maganganu masu nauyi bayan irin wannan shirun suke fitowa, kuma mai tambaya mai gaggawa shi yake kashe su. Kada ka riƙa “ƙwarai, haka ne, to” a kan muryarsa. Gyaɗa kai ya isa. Kada ka gyara masa kwanan wata yana cikin magana, rubuta a takarda ka dawo kai wani zaman. In ya yi amfani da kalmar aiki ta Turanci, bar shi ya gama, sannan ka ce ya bayyana ta yadda zai bayyana wa Inna. Bayanin da zai bayar a nan shi ne zai shiga littafi.

Dattawa ba su cika riƙe shekara da lamba ba, amma suna riƙe yanayi. Tambaye shi da damina ne ko da hunturu, akwai hazo ko babu, kafin babbar salla ko bayanta. Ka kuma yi amfani da abubuwan da tarihi ya tabbatar a matsayin turaku: canjin takardun kuɗi na Janairun 1968, kama Fatakwal a watan Mayun 1968, harin da ƙananan jiragen Carl Gustaf von Rosen, ɗan Suwidin da ya taya Biyafara yaƙi, suka kai filayen jirgi na Fatakwal da Binin da Inugu a watan Mayun 1969, rasuwar shugaban rundunar sojan sama, Kanar Shittu Alao, a haɗarin jirgi cikin Oktoban 1969, da ƙarshen yaƙi ranar 15 ga Janairun 1970. “Kafin wannan ne ko bayansa?” tambaya ce da kusan kullum take samun amsa.

Wuraren da ke da zafi

A yaƙin nan bama-bamai sun faɗa kasuwanni da asibitoci, an kuma harbo jirgin agaji na Red Cross a watan Yunin 1969. Mutumin da yake cikin rundunar a lokacin ya san wannan, ko da ba shi ya yi ba. Yana kuma da abokan da suka tashi da safe ba su dawo ba, da abokan horo 'yan Gabas da yaƙi ya mayar ɗaya ɓangaren. Littafin da ya tsallake duk wannan ya koma kirari, mai karatu mai hankali ba zai yarda da sauran abin da ke ciki ba. Amma ba a tatsar irin wannan magana da ƙarfi. Ka tambaya sau ɗaya, a hankali, can wajen zama na shida ko na bakwai: “Akwai tashin da har yau yake dawo muku a rai?” In ya ce a bar maganar, a bar ta. In hawaye ya zo, tambaye shi ko a kashe na'ura, ka bi abin da ya ce. Kada ku tashi a kan wannan gaɓar. Ku koma wani abu mai sauƙi kafin a rufe. Washegari a tambayi matarsa ko ya yi barci. In barci ya ƙaurace masa ko ya shiga damuwa, a dakata da aikin, a ga likita.

Matar tasa ma a ba ta zama ɗaya ko biyu, ita kaɗai, mace ta yi mata tambaya. Ita ta san zaman bariki da jiran labari, da irin mutumin da ya dawo gida bayan yaƙi.

Adanawa da rubutawa

A ranar da aka naɗa a kwafe fayil ɗin wuri uku: kwamfuta, ma'ajiyar waje da za a ajiye a wani gida dabam, da ma'ajiyar intanet. Sunan fayil ya fara da shekara, wata, rana, sannan lambar zama. Na asali ba a taɓa shi. In za a yanke ko a rage hayaniya da manhaja irin Audacity, a yi a kan kwafi. Kada ka dogara da WhatsApp wajen ajiya, waya ɗaya ta ɓace komai ya tafi.

Mayar da magana rubutu shi ne aikin da ya fi cin rai. Awa ɗaya ta naɗi tana cin awa shida zuwa takwas, tana kuma ba da kalmomi wajen dubu bakwai ko takwas. Manhajojin da ke rubuta magana da kansu suna tuntuɓe a Hausar da ta gauraya da Turancin soja, musamman a sunayen mutane da garuruwa, don haka ko ka yi amfani da su sai ka bi layi-layi da kunne. Rubuta yadda ya faɗa, da karin harshensa. In Basakkwace ne kada ka mayar da shi Bakano. Sa alamar lokaci duk bayan minti biyar. Inda ba ka ji ba, rubuta cewa ba a ji ba, kada ka cike da zato.

Daga nan sai tantancewa. Jera labaransa gefe da logbuk. Duba jaridun lokacin, New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo, a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna ko a Arewa House. Gidan tarihin yaƙi na Umuahia yana da jiragen ɓangarorin biyu a ajiye, ga mai son ganin abin da ake ba shi labari. In akwai abokin aikinsa da ke raye, a kai masa babin da ya shafe shi. Za ka tarar da saɓani, wannan dole ne: tashi biyu sun haɗe sun zama ɗaya a ƙwaƙwalwarsa, ko abin da ya ji ya koma abin da ya gani. Ka koma masa da shi cikin ladabi. In ya tsaya a kan bakansa, bar maganarsa yadda take, ka sa ƙarin bayani a ƙasan shafi cewa littafin tashinsa ya nuna kaza.

Ka kula da ma'auni. Jiragen Yamma suna auna tsawo da ƙafa, gudu da not, na Sobiyet kuwa da mita da kilomita. In ya ce “muna dubu uku”, tambaye shi ƙafa ko mita, domin mita ɗaya ta haura ƙafa uku. Not ɗaya kilomita 1.852 ne a awa. Idan an rubuta lokaci da agogon GMT, agogon Najeriya yana gaba da awa ɗaya.

Daga rubutu zuwa littafi

Naɗin awa goma zai ba ka kalmomi wajen dubu saba'in, littafin kuwa bai kamata ya wuce dubu arba'in ba. Cire tambayoyinka, cire maimaici, haɗa labarin da ya bayar sau uku ya zama ɗaya, ka jera babi-babi bisa shekaru. A bar shi yana magana da “na” da “muka”. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma babbar ɓarnar da edita yake yi ita ce ya sa wa tsohon soja kalaman da bai taɓa furtawa ba. Bayanin tarihi da mai karatu yake buƙata a sa shi a gajeriyar shimfiɗa a farkon babi, da wani salon rubutu dabam, don a san wannan ba muryarsa ba ce. A ƙara taswira ɗaya mai nuna filayen jirgin da ya ambata, jerin shekarun rayuwarsa, da ma'anar kalmomin aiki a ƙarshe.

Karanta masa daftarin da baki, babi ɗaya a zama, rikoda tana kunne, domin a nan sababbin labarai suke fitowa. Duk inda ya zargi wani da suna, da tsoro ko cin amana ko hannu a juyin mulkin 1966, a tsaya a yi tunani: in babu hujja a rubuce, a cire sunan, ko lauya ya duba. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan, kuma ritaya ba ta sauke ta daga kan soja. Ga wanda ya yi aiki a yaƙe-yaƙen baya-bayan nan, kamar na Arewa maso Gabas, a tuntuɓi sashen hulɗa da jama'a na rundunar sojan sama kafin bugu. Hoton da ba naku ba, na jarida ko na wani littafi, sai da izinin mai shi a rubuce.

Girman A5 ya fi sauƙin kuɗi. Shafi yana ɗaukar kalmomi 250 zuwa 300, don haka kalmomi dubu 40 za su ba da shafi 150 zuwa 160 tare da hotuna. A daidaita yawan shafuka ya rabu da 16, saboda haka ake naɗe takarda a maɗaba'a. Takardar ciki mai giram 70 ko 80, bango mai 250 zuwa 300. Haruffa su zama manya kaɗan, maki 12, tunda tsararrakinsa ne za su fara karantawa. Abin da ya fi lalata littattafan Hausa a wurin bugu shi ne haruffa masu lanƙwasa: kwamfutar maɗaba'a ba ta da salon rubutun da ka yi amfani da shi, sai ƙ da ɗ da ɓ su koma akwati-akwati. Yi amfani da salon da ke ɗauke da su, irin Charis SIL ko Gentium ko Noto Serif, ka miƙa aikin a PDF da salon a kulle ciki. Ka dage sai an buga maka kwafi ɗaya na gwaji ka duba kowane shafi, musamman hotuna, waɗanda sukan fito da duhu fiye da yadda suke a allo.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, kuma doka ta ɗora wa mai bugawa ya kai musu kwafi uku. Fara da kwafi 100 zuwa 200 a injin bugu na dijital. In sun ƙare a ƙara. Tun kafin nan, da zarar babi uku sun kammala, buga su a takarda ko da a shagon kwafi ne, ka ɗaure, ka sa masa a hannu ya gani da idonsa. Bayan fitowar littafin, a kai kwafi ɗakunan karatu na jami'o'i da ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji na jiharku, a kuma nemi wata cibiyar tarihi da za ta karɓi naɗin muryar da hotunan logbuk, tare da kwafin takardar izinin da ya sa wa hannu da sharuɗɗan da ya gindaya a cikinta.